Ibn Khaldun da Neman Alfarma: Rayuwar Malami a Ƙofar Sarakuna (1332–1406)

Gabatarwa

Manazarta tarihin Afirka ta Yamma sun fi sanin Abdurrahman ibn Muhammad Ibn Khaldun ta hanyar jerin sarakunan Mali da ya adana a cikin Kitabul Ibar, jerin da har yau a kansa ake dogara wajen tsara shekarun mulkin Mansa Musa da magabatansa da magadansa. Masu nazarin zamantakewa kuwa Muƙaddima suka riƙe, musamman bayaninta a kan asabiyya da tashin dauloli da faɗuwarsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda mutumin ya tafiyar da tasa rayuwar. Tun yana ɗan shekara ashirin har ranar da ya bar duniya yana dab da cika saba'in da huɗu, ƙafarsa ba ta taɓa daɗewa nesa da ƙofar wani sarki ba. Ya yi wa sarakunan Tunis da Fas da Garnaɗa da Bijaya da Tilimsan da Alƙahira hidima. An ɗaure shi, an kore shi, an yi masa fashi har sau biyu, kuma sau shida ana naɗa shi babban alƙalin Malikiyya na Masar, sau biyar ana tuɓe shi.

Abin da yake nema a duk wannan kai-kawo yana da suna a bakinsa. Kalmar Larabci da ya yi amfani da ita ita ce jahu. Ana iya fassara ta da matsayi ko muƙami ko martaba, amma malamanmu na zaure sun daɗe da samar mata fassarar da ta fi dacewa, domin duk inda ta zo a cikin addu'a da alfarma suke fassara ta: irin girman da ke sa a yi wa mutum abin da ba a yi wa waninsa, a karɓi cetonsa, a ji shakkar taɓa dukiyarsa. Wannan maƙala za ta bi rayuwarsa ta wannan fuska, bisa abin da shi kansa ya rubuta a tarihin rayuwarsa, At-Ta'arif, da abin da mutanen zamaninsa suka adana.

Gidan da ya fito

An haife shi a Tunis ranar 1 ga Ramadan 732, daidai da 27 ga Mayu 1332. Danginsa suna danganta kansu da Larabawan Hadaramaut ta hanyar sahabi Wa'ilu ibn Hujur, kuma kakansu Khaldun ya shiga Andalus tun farkon zuwan Musulmi can. A Ishbiliya suka yi suna. A ƙarshen ƙarni na 9 wani daga cikinsu, Kuraibu, ya yi wa Umayyawan Ƙurɗuba tawaye, ya riƙe garin na ɗan lokaci tare da wani babban gida, kafin abokin tarayyar tasa ya kashe shi. Da alamun faɗuwar Ishbiliya a hannun Kiristocin Kastila suka bayyana, abin da ya tabbata a 1248, sai gidan ya ƙetara teku zuwa Sabta, daga nan ya wuce ƙasar Banu Hafs. Sarakunan Tunis suka karɓe su hannu biyu-biyu. Kakan mahaifinsa, Abubakar, ya riƙe baitulmalin daula, kuma a kan wannan muƙami ne wani mai ƙwacen mulki, Ibn Abi Umara, ya kama shi a wajen 1283, ya gana masa azaba, ya ƙwace dukiyarsa, ya kashe shi. Kakansa ya yi hidimar fada shekaru masu yawa sannan ya janye jiki. Mahaifinsa kuwa fiƙihu da lugga da waƙa ya riƙe, har babbar annobar ɗa'un ta 1348 zuwa 1349 ta ɗauke shi tare da matarsa.

Yaron ya tashi ke nan da sunan babban gida, amma hannunsa babu komai na iko. Mai nazarin al'ummar Hausawa zai tuna da bambancin da M. G. Smith ya fito da shi a maƙalarsa ta 1959 a kan tsarin matsayi a ƙasar Hausa, tsakanin karda, sana'ar gado, da shigege, wadda mutum ya shiga da ƙafarsa. In an duba kakanni, hidimar fada karda ce ga Ibn Khaldun. Sai dai mahaifinsa ya yanke igiyar, don haka dole ya shige ta kamar baƙo, ba uba a gaba, ba dangi masu takobi a baya. Ya kuma san raunin dogaro da asali. Da ya zo lissafa nasabarsa sunaye goma ya samu tsakaninsa da Khaldun, sai ya auna da ƙa'idarsa ta mutum uku a kowace shekara ɗari, ya ga ya kamata su kai wajen ashirin, ya kuma faɗi hakan a fili.

A 1347 Sarkin Fas Abul Hasan na Banu Marin ya ci Tunis, ya zo da ayarin malamai, cikinsu har da Muhammad al-Abili, masanin manɗiƙi da lissafi da falsafa. Saurayin ya lazimce shi, a ƙarƙashin kulawarsa ne ma ya kammala littafinsa na farko, Lubabul Muhassal, a 1351. Amma abin da ya gani ya wuce darasi. Ya ga malamai suna tafiya cikin rundunar sarki ana girmama su, kuma bayan annoba ta ci wasunsu, sauran sun koma yamma, sai Tunis ta zame masa kango.

Daga alƙalami zuwa kurkuku

Muƙaminsa na farko ƙarami ne. Ibn Tafrakin, wanda ke juya ƙaramin sarki Abu Ishaƙ, ya ba shi aikin rubuta alama, wato kalmomin godiya ga Allah da ake zanawa da kaurin alƙalami tsakanin bisimilla da jikin wasiƙar sarki. Ya karɓa da niyyar gudu. A 1352 ya fita tare da rundunar Tunis, da aka karya ta sai ya sulale, ya bi ta Biskara har ya kai ga mutanen Sarki Abu Inan ɗan Abul Hasan. A 1354 aka kira shi Fas aka sa shi cikin majalisar malaman sarki, bayan shekara guda kuma aka sa shi cikin magatakarda. Ya rubuta da kansa cewa ba da son ransa ya karɓa ba, domin bai san wani daga magabatansa da ya tsaya a irin wannan matsayi ba. Shekararsa ashirin da uku a lokacin.

A Fas akwai wani ɗan sarki na Banu Hafs, Abu Abdullahi, wanda aka raba da gadon sarautar Bijaya aka ajiye shi zaman baƙuncin dole. Tsohuwar alaƙar gidajen biyu ta haɗa su. Labari ya kai kunnen Abu Inan cewa ana shirya wa ɗan sarkin hanyar komawa garinsa, kuma an yi wa magatakarda alkawarin muƙamin hajibi in abin ya yiwu. A farkon 1357 aka kama su. Ba a jima ba aka saki ɗan sarki, aka bar Ibn Khaldun a kurkuku kusan shekara biyu. Ya aika wa sarki ƙasida mai baiti wajen ɗari biyu yana neman afuwa, amma sai da Abu Inan ya mutu a ƙarshen 1358 sannan waziri ya buɗe masa ƙofa. A nasa bayanin mahassada ne suka ƙulla masa. Abin da ya faru a Bijaya bayan shekara takwas kuwa ya nuna maganar alkawarin ba ƙage ba ce.

Kurkuku bai sanyaya masa gwiwa ba. Cikin rikicin gado da ya biyo baya, ya bar ɓangaren da yake ciki ya koma wa Abu Salim, ya taya shi jawo manyan Banu Marin. Da Abu Salim ya hau a 1359 sai ya naɗa shi magatakardan asiri, daga baya ya ba shi kotun mazalim, inda ake sauraron ƙarar da ta fi ƙarfin alƙali. A wannan zamani ne jakadun Mali suka iso Fas da kyautar raƙumin dawa, gari ya yi dafifi don kallo, kuma bayanin da ya bari a kan ranar na cikin abin da masu tarihin Mali ke komawa gare shi. A 1361 waziri Umar ibn Abdullahi, wanda abokinsa ne, ya kifar da Abu Salim. Ibn Khaldun ya bi sabon mai iko, ya sa ran abin da ya fi wanda ke hannunsa, bai samu ba, ya yi fushi ya ƙaurace wa fada. A tsufansa ya danganta wannan da zafin ƙuruciya. Aka hana shi zuwa Tilimsan don kada abokin gaba ya amfana da shi, aka yarje masa Andalus.

Garnaɗa da Bijaya

Sarki Muhammad na Biyar na Garnaɗa da wazirinsa Lisanuddin Ibn al-Khaɗib sun yi zaman gudun hijira a Fas, kuma Ibn Khaldun ya yi musu rana a lokacin. Da ya iso a ƙarshen 1362 aka yi masa tarba ta girma. A 1364 aka aike shi jakada wurin Pedro, sarkin Kastila, a Ishbiliya, garin kakanninsa. Pedro ya san asalinsa, likita Bayahude Ibrahim ibn Zarzar ya kuma yabe shi a gabansa, sai ya yi masa tayin ya zauna a mayar masa da gadon gidansu. Ya ƙi. Wannan ƙin yana nuna iyakar abin da yake nema, domin gonaki da gidaje a ƙasar da ba ta san darajar sunansa da iliminsa ba ba za su ba shi alfarma ba. Alfadarin da Pedro ya ba shi, da sirdi da linzami masu adon zinariya, ya miƙa wa sarkinsa, shi kuwa ya saka masa da ƙauyen Ilbira a dausayin Garnaɗa. Ya aika aka kawo masa iyalinsa. Amma fada ɗaya ba ta ɗauki haziƙai biyu ba. Ibn al-Khaɗib ya fara ɗaure fuska, ana cikin haka sai ga wasiƙa daga Bijaya.

Abu Abdullahi ya karɓi garinsa, kuma bai manta da alkawari ba. A 1365 Ibn Khaldun ya zama hajibi, wato mutumin da ke tsakanin sarki da kowa, wanda a hannunsa mulki yake gudana. Da safe yana zartar da al'amuran daula, da rana yana karantarwa a masallacin Ƙasaba inda shi ne mai huɗuba, ya kuma hau duwatsu da kansa karɓar haraji daga ƙabilun Barbar. Wannan ne ƙololuwar abin da ya samu a siyasa, yana da shekara talatin da uku, kuma bai wuce shekara guda da 'yan watanni ba. A 1366 Abul Abbas na Ƙusanɗina, ɗan baffan sarkin, ya far masa da yaƙi, aka kashe Abu Abdullahi. Wasu manyan gari suka nemi hajibi ya naɗa ɗaya daga ƙananan 'ya'yan mamacin ya riƙe masa mulki. Ya ƙi, ya fita ya miƙa wa Abul Abbas garin.

Masu sukarsa sun fi kafa hujja da wannan rana, cewa mutum ne da ba ya riƙe amanar ubangida. Hujjar tana da nauyi, amma akwai wata fuskar. Garin da ya yi turjiya bayan an karya rundunarsa wawashe shi ake yi, kuma hajibin da ke mulki da sunan yaro yana cikin cututtukan dauloli da Muƙaddima ta bayyana daga baya. Duk da haka sabon sarkin bai saki jiki da shi ba. Ya tsere Biskara, aka kama ƙanensa Yahaya aka ɗaure a Buna, aka ƙwace dukiyarsu.

A shekaru tara da suka biyo baya jarinsa guda ne, wato sanin ƙabilun Larabawan Banu Hilal, musamman Dawawida, ta yadda duk sarkin da ke son mahaya sai ya neme shi. Abu Hammu na Tilimsan ya yi masa tayin hajibi, ya amsa da cewa ya gaji da muƙamai, karatu yake so, ya tura Yahaya a madadinsa. Amma bai daina tara wa Abu Hammu mahaya ba. Da Abdul Aziz na Fas ya kori Abu Hammu a 1370, sai ga shi yana tara wa Abdul Aziz mahayan nan don farautar Abu Hammu. A hanyarsa ta zuwa Fas a 1372 aka tare ayarinsu a daji aka kwashe musu komai. A 1374 ya sake ƙetarawa Garnaɗa, aka maido shi. A daidai wannan lokaci ne aka shaƙe Ibn al-Khaɗib a kurkukun Fas, aka ƙona gawarsa, shi da ya fi kowa alfarma a Andalus 'yan shekaru kafin nan. Yahaya ma kisan gilla aka yi masa a Tilimsan bayan 'yan shekaru, a kan muƙamin magatakarda.

Abin da ya rubuta a Ƙal'ar Ibn Salama

A 1375 Abu Hammu, wanda ya yafe masa, ya sake aikensa wurin Dawawida. Ya karɓi aiken, da ya yi nisa sai ya karkata linzami zuwa wurin Aulad Arif, suka saukar da shi da iyalinsa a Ƙal'ar Ibn Salama, kusa da garin Faranda a Aljeriya ta yau. Kusan shekara huɗu ya yi a nan, kuma a cikin wata biyar na shekarar 1377 ya rubuta zubin farko na Muƙaddima.

A babi na biyar, wanda ya keɓe wa hanyoyin neman abinci da sana'o'i, ya yi bayanin alfarma ba tare da kunya ko wa'azi ba. Asalin dukiya a wurinsa aikin ɗan'adam ne. Mai alfarma kuwa mutane ne ke yi masa aiki kyauta, suna neman kusanci da shi don ya jawo musu amfani ko ya tunkuɗe musu cuta, sai ƙimar wannan aikin duka ta taru a hannunsa, ya yi arziki cikin ɗan lokaci. Wanda ba shi da ita, ko da attajiri ne, samunsa ba ya wuce gwargwadon jarinsa da guminsa. Ɗan kasuwa ma yana bukatar inuwar mai alfarma, in ba haka ba masu cin bashi su cinye shi. Har malamai da masu ibada da jama'a suka yi imani da su, ta wannan hanya suke samun wadata ba tare da sun yi fatauci ba. Alfarma kuma hawa-hawa ce, daga sarki har zuwa wanda ba ya iya amfanar kowa ko cutar da shi, kowane hawa yana neman taimakon na sama, yana juya na ƙasa. Wanda ya yi nazarin barantaka a ƙasar Hausa, tsakanin bara da ubangidansa, zai gane tsarin tun kafin a kai ƙarshen bayani.

Daga nan ya kai ga sakamako marar daɗi. Tunda mai alfarma ba ya gutsura ta sai ga wanda ya rusuna masa, to masu fadanci da ƙanƙan da kai su ne ke cin riba, masu girman kai kuwa su ƙare a talauce. Ya kuma ambaci waɗanda wannan girman kai ya fi kamawa: malamin da ya nutse a iliminsa, da magatakarda gwani, da mawaƙi fasihi, da ɗan babban gida mai taƙama da kakanni. Duk huɗun Ibn Khaldun ne. Da wuya mai karatu ya wuce wurin nan bai ji cewa marubucin kansa yake aunawa ba. Haka ma ra'ayinsa na cewa girman gida ba ya cika wuce mutum huɗu: mai gini, da ɗansa da ya gani da ido, da jika mai kwaikwayo, da na huɗu da ya ɗauka girman a jini yake, ya rushe ginin. Daga Abubakar mai baitulmali zuwa Abdurrahman mutum huɗu ne cif. A babi na shida kuma ya yanke hukuncin cewa malamai sun fi kowa nisa da sanin siyasa, domin sun saba da ƙa'idoji na bai-ɗaya da ƙiyasi, alhali siyasa kallon abin da ke gaban mutum take bukata.

Matsalar malami da ƙofar sarki ba baƙuwa ba ce ga masu nazarin daular Sakkwato. Ita ce ta sa Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar rundunar jihadi a wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, ganin yadda son mulki da dukiya ya shiga zukatan jama'a, har mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu Liya'ul Hukkam. Bambancin shi ne Abdullahi ya ɗauki abin a matsayin ɓarna da ta wajaba a gyara, Ibn Khaldun kuwa ya ɗauke shi ɗabi'ar zaman tare da ta wajaba a fahimta.

Littafin na bukatar ɗakunan karatu, ƙal'a kuwa ba ta da su. Ya rubuta wa Abul Abbas, wanda a lokacin ya zama sarkin Tunis, ya nemi izinin komawa gida, ya isa a ƙarshen 1378 bayan shekara ashirin da shida da fita. Sarki ya jawo shi jiki, ɗalibai suka yi masa ca, har da na zauren Ibn Arafa, limamin masallacin Zaituna kuma jigon Malikiyya a zamanin. Gaba ta ƙullu tsakanin malaman biyu, fadawa suka ƙara mata wuta. A 1382 ya roƙi sarki izinin aikin hajji, uzurin da sarki Musulmi ba ya iya ƙi. Ya shiga jirgin ruwa zuwa Iskandariyya, bai kuwa taka Makka ba sai a 1387.

Kujerar alƙali

Masar wata duniya ce dabam. Mulki na hannun Mamalik, bayin da aka sayo aka horar aka 'yanta suka zama sarakunan yaƙi, kuma baƙon malami ba shi da hanyar zama hajibi a cikinsu. Amma akwai makarantu da zawiyoyi birjik masu waƙafi, waɗanda shi kansa ya bayyana cewa tsoron ƙwace ne ya sa sarakunan yaƙi yawaita su don 'ya'yansu su samu madogara, ga kuma kujerun manyan alƙalai huɗu na mazhabobi da Sarki Baibaras ya kafa tun 1265. A nan alfarmar malami tana da albashi, kuma sarki ke raba ta. Ya fara karantarwa a Azhar, wani babban sarkin yaƙi, Alɗunbuga al-Jubani, ya kai shi gaban Sarki Barƙuƙ wanda bai daɗe da hawa ba. A 1384 aka ba shi makarantar Ƙamhiyya, wadda Salahuddin ya gina wa Malikiyya, a cikin shekarar kuma aka naɗa shi babban alƙalin mazhabar.

Mutumin da ya rubuta cewa fadanci ke kawo riba bai iya shi ba a kan kujerar shari'a. Ya tsananta wa shaidun zur da masu wasa da dukiyar waƙafi da muftai marasa ilimi, ya ƙi karɓar ceton manya, ya ƙi sa tufafin alƙalan Masar, ya ci gaba da yafa alkyabbarsa ta Magrib. Shi yana ganin gaskiya yake tsayarwa. Ibn Hajar al-Asƙalani, wanda ya san shi ido da ido, ya adana wata fahimtar: mutanen Alƙahira sun karrama shi da ya zo, ya yi musu fara'a, da ya hau kujera sai ya juya musu fuska. Ɗalibinsa al-Maƙrizi kuwa bai gaji da yabon Muƙaddima ba.

Cikin wannan rigima ne masifa ta auka masa. Sarkin Tunis ya riƙe iyalinsa don ya tilasta masa komawa, sai da Barƙuƙ ya rubuta wasiƙa aka sake su. Jirgin da ya ɗauko su ya nutse kusa da Iskandariyya a 1384, matarsa da 'ya'yansa mata suka halaka. Layuka kaɗan ya ba wannan rashi a cikin At-Ta'arif, littafin da ya cika da dogayen wasiƙun sarakuna da ƙasidu. A 1385 aka sauke shi.

A 1389 ya samu kujerar hadisi a makarantar Sargatmishiyya, inda ya karantar da Muwaɗɗa, da shugabancin zawiyar Baibaras mai yalwar waƙafi. A shekarar ne wasu sarakunan yaƙi suka tumɓuke Barƙuƙ, suka tara alƙalai da malamai su sa hannu a fatawar halatta yaƙarsa. Ibn Khaldun na cikin waɗanda suka sa. Barƙuƙ ya dawo mulki a 1390. Malamin ya kare kansa da cewa tilasta musu aka yi, ya aika wa al-Jubani ƙasidar neman ceto, amma zawiyar ta kuɓuce masa. Shekarun da suka biyo baya na karantarwa ne da gyaran Kitabul Ibar, kuma a cikinsu ne, a 1394, ya haɗu da Shehu Usman, faƙihin mutanen tsohuwar daular Gana, wanda ya zo Masar a hanyar hajji ya ba shi labarin sarakunan Mali. Wani sashe na abin da muka sani game da wannan daula ya zo mana ne ta hannun alƙalin da ba ya kan kujera.

Barƙuƙ ya mayar da shi alƙalanci a 1399, ya mutu bayan ɗan lokaci, ɗansa Faraj ya hau yana yaro. A 1400 aka sake sauke shi, amma da labari ya zo cewa Taimur ya ci Halab ya doshi Dimashƙa, sai aka sa shi cikin malaman da za su raka sarki. Ba a jima a can ba Faraj ya ji ƙishin-ƙishin ana shirya masa juyin mulki a Alƙahira, ya juya da dare ya bar garin da malamansa. A watan Janairun 1401 aka zuro Ibn Khaldun da igiya ta kan ganuwa, dattijo mai shekara sittin da takwas, ya tafi sansanin Taimur.

Sama da wata guda yana kai-kawo wurinsa, wani malamin Hanafiyya, Abdul Jabbar, yana yi musu tafinta. Ya gaya wa Taimur cewa shekara talatin ko arba'in ke nan yana begen ganinsa, ya kuma kafa masa hujja da asabiyya cewa ba a taɓa yin sarki kamarsa ba. Ya kai masa gaisuwar Alƙur'ani da darduma da kwafin Burda ta Busiri da akwatuna huɗu na alewar Masar. Taimur ya nemi ya rubuta masa bayanin ƙasar Magrib, garuruwanta da duwatsunta da kogunanta, ya rubuta cikin 'yan kwanaki. Ya samo wa wasu ma'aikatan Masar da aka bari a baya takardar aminci. Duk wannan bai hana a wawashe Dimashƙa ba, wuta ta ci har masallacin Umayyawa. Taimur ya nemi ya sayar masa da alfadararsa, sannan ya sallame shi. A hanya 'yan fashi suka tuɓe su. Da ya isa gida sai ya rubuta wa sarkin Fas wasiƙa yana ba shi labarin Taimur da yawan rundunarsa, kamar mai wanke kansa daga bayanin da ya bar wa maƙiyi. Kuɗin alfadarar ma sun biyo shi daga baya ta hannun wani jakada, ba cikakku ba, kuma bai karɓa ba sai da ya nemi izinin sarkinsa.

Ya tarar an baza labarin mutuwarsa a Alƙahira. A 1401 ɗin aka mayar da shi kujerar alƙalanci karo na uku, kuma daga nan har ƙarshen ransa abin ya zama karɓa-karɓa, yawanci tsakaninsa da Jamaluddin al-Bisaɗi: a naɗa wannan, bayan watanni a sauke shi a naɗa wancan. Shafukan ƙarshe na At-Ta'arif, waɗanda ya rubuta 'yan watanni kafin rasuwarsa, lissafin naɗi da tuɓewa ne. Naɗi na shida ya zo a farkon 1406, bai kuwa cika wata guda a kai ba. Ya rasu ranar 26 ga Ramadan 808, daidai da 17 ga Maris 1406, yana babban alƙalin Malikiyya na Masar, aka binne shi a maƙabartar Sufaye da ke bayan ƙofar Babun Nasr.